Darasin Shugabanci Daga Kujerar Matuƙin Jirgi

Duk ɗalibin da ke Tudun Wada, Kongo ko Sabon Gari ya saba ganin ƙananan jirage suna shawagi a sararin Zariya. Yawancinsu na Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Najeriya ne, wato NCAT, da ke Palladan. An kafa ta a 1964, kuma tana horar da matuƙa jirgi, injiniyoyi masu gyara, da jami'an hasumiya masu ba da izinin tashi da sauka. A nan Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, ta yi karatu, kuma a 2011 ta zama shugabar kwalejin.

Tuƙin jirgi aiki ne da kuskure ɗaya kan ci rayukan ɗaruruwan mutane. Shi ya sa ma'aikatansa suka yi zurfin nazari a kan yadda ake hango haɗari da kuma irin shugaban da ke kai mutanensa gida lafiya.

Takardar dubawa

A 1935, wani sabon jirgin Boeing ya faɗi jim kaɗan bayan tashi a jihar Ohio ta Amurka. Ƙwararru ne ke tuƙinsa, amma sun manta ba su kwance makullin da ke riƙe na'urorin juya jirgin ba. Daga nan aka ɓullo da takardar dubawa, jerin abubuwan da dole a duba ɗaya bayan ɗaya kafin tashi. Har yau kyaftin mai shekara talatin a bakin aiki yana bin ta, domin mantuwa ba ta san gwani ba. Haka kuma kafin tashi ana duba yanayi, a zuba man da ya zarce buƙatar tafiyar, a kuma zaɓi wani filin da za a sauka idan na farko ya gagara.

Ranar da ba a saurari na ƙasa ba

Ranar 27 ga Maris, 1977, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerife. Mutum 583 suka rasu. Hazo ya rufe filin, kuma kyaftin ɗin KLM, wanda shi ne babban mai koyar da matuƙan kamfanin, ya fara gudun tashi ba tare da samun izini ba. Injiniyan jirgin ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, kyaftin ya amsa masa da tabbacin cewa ya bari. Babu wanda ya sake musa masa.

Wannan haɗari da wasu irinsa suka sa aka sauya tarbiyyar matuƙa. Tun farkon shekarun 1980 ake koya musu aiki tare: kyaftin ya buɗe ƙofar magana, mataimaki kuma ya faɗi abin da ya gani a fili, ko da ya saɓa wa ra'ayin maigidansa.

An ga amfanin hakan a Yulin 1989, lokacin da injin wani jirgin United ya tarwatse a sama, na'urorin sarrafa shi suka daina aiki. Kyaftin Al Haynes ya nemi shawarar abokan aikinsa, har ya karɓi taimakon wani malamin tuƙi da ke cikin fasinjoji. Da ƙarfin injuna biyu da suka rage suka lallaɓa jirgin zuwa filin Sioux City. Cikin mutum 296, fiye da 180 sun tsira.

Sanin lokacin cewa a dakata

A gida ma muna da darasi mai ɗaci. Ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin ADC da zai je Sakkwato ya faɗi bayan tashi daga Abuja cikin hadari da iska mai ƙarfi. Mutum 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah Ya jiƙansu. Binciken da aka yi ya nuna cewa tashi cikin wannan yanayi na daga cikin musabbaban haɗarin. Wani lokaci jarumtar shugaba ita ce ya ce a jira.

Likitoci ma sun ari wannan dabara. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar dubawa ta ɗakin tiyata. A asibitoci takwas da aka gwada ta, mace-macen bayan tiyata sun ragu daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari. Masu burin zama likitoci ko ma'aikatan jinya a Asibitin Koyarwa na Shika, ku riƙe wannan.

A makarantarku fa?

In kai monita ne, ko ke ce shugabar ɗalibai, ko an ba ku shirya balaguro, gasar wasanni ko gwaji a ɗakin kimiyya, ku zauna tun kafin ranar ku lissafa abin da zai iya lalacewa. Ku fara da wanda ya fi yiwuwa kuma ya fi muni: mota mai lalatacciyar taya, cunkoso a ƙofa ɗaya, sinadari kusa da wuta. Kowane haɗari a ba shi mai kula da shi, da sunansa. A rubuta, kada a dogara da ƙwaƙwalwa. A tanadi hanya ta biyu, a kuma sanar da malami.

Sannan shugaba ya tambayi kowa, har ɗan aji ɗaya: akwai abin da ka gani wanda ban gani ba? In ya faɗa, a gode masa ko da bai dace ba, domin wanda aka yi wa dariya yau gobe shiru zai yi. Kai kuma na ƙasa, ladabi bai hana ka cewa, "Yaya, ina ganin akwai matsala, mu tsaya mu duba." In kunne ya ji, jiki ya tsira.