Neman Shiga Kwalejojin Kimiyya da Fasaha Bayan Kammala Sakandare

A kowace shekara ɗalibai fiye da miliyan ɗaya ne ke zauna jarrabawar Hukumar JAMB a Nijeriya, kuma akasarinsu jami'a suke sa wa ido. Kaɗan ne ke zaɓen kwalejin kimiyya da fasaha tun da farko, sai bayan jami'a ta ƙi samuwa. Wannan kuwa kuskure ne, domin ilimin da ake bayarwa a waɗannan kwalejoji hanya ce mai zaman kanta, kuma tsohuwa. Kwalejin Fasaha ta Yaba da ke Legas ta fara a 1947, ita kuwa ta Kaduna ta samo asali ne daga makarantar koyon fasaha da aka buɗe a 1956.

Tsarin karatun hawa biyu ne. Da farko ɗalibi zai yi shekara biyu ya sami Difloma ta Ƙasa, wato ND. Daga nan sai ya fita ya yi shekara ɗaya yana aiki a masana'anta ko kamfanin gine-gine ko wani wurin da ya dace da fanninsa, sa'an nan ya dawo ya yi wasu shekara biyu don samun Babbar Difloma ta Ƙasa, wato HND. Wannan shekara ta tsakiya ba hutu ba ce. Sharaɗi ce ta komawa, kuma a cikinta ne yawancin ɗalibai ke fara sanin bambancin zanen injin a allo da injin da ya tsaya cak a hannunsu. Wanda ya fi son digiri kuma, idan sakamakon diflomarsa ya yi kyau, yana iya neman shiga aji biyu na jami'a kai tsaye.

Ƙofar shiga dai JAMB ce. Tun daga 2010 jarrabawa guda ce ake yi wa masu neman jami'a da kwalejin fasaha da kwalejin ilimi: darussa huɗu, Ingilishi tilas, jimillar maki 400, kuma a kan kwamfuta ake amsawa. Ba a yin rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. A wajen zaɓen sauran darussa ukun ne ɗalibai da dama ke tuntuɓe. Alal misali, mai neman injiniyan lantarki da bai zauna lissafi da fiziks ba, ko makinsa ya kai ina, ba za a dube shi ba. Ya kamata malaman aji shida su zauna da ɗalibansu su duba kundin JAMB fanni-fanni kafin a cika fom, ba a bar wannan aiki ga mai shagon intanet ba.

Sai sakamakon kammala sakandare, na WAEC ko NECO, ko kuma na NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992 don shirya jarrabawar makarantun koyon sana'a. An daɗe ana neman kiredit biyar. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da rage su zuwa huɗu ga mai neman ND, amma ta bar biyar ga HND, haɗe da Ingilishi da lissafi. Saboda haka wanda ya shiga da huɗu, bashi ne ya ɗage, zai tarar da shi a gaba.

Abin da ya fi kowanne haɗari shi ne batun amincewa. Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 mai hedkwata a Kaduna, ita ke tantance kwalejojin, kuma kowane kwas ana tantance shi ne daban. Makaranta tana iya kasancewa sananniya alhali wani kwas nata bai sami amincewa ba. Haka nan kuma, tun daga 2017 duk gurbin karatu na halal sai ya bi ta manhajar JAMB mai suna CAPS, inda ɗalibi da kansa zai karɓa ko ya ƙi. Takardar da aka miƙa masa ta bayan fage ba ta shiga wannan lissafi, kuma sau da yawa ba a gane haka sai bayan shekara biyar, ranar da abokan karatunsa suka karɓi takardar tafiya bautar ƙasa, shi kuwa aka nemi sunansa aka rasa.