Grendizer a Wasan Bidiyo: Inda Ya Yi Ƙarfi da Inda Ya Gaza

A ranar 14 ga Nuwamba, 2023, kamfanin Microids na Faransa ya fitar da wasan bidiyo na Grendizer, ƙaton mutum-mutumin ƙarfen nan da yaran ƙasashen Larabawa suka tashi da shi a talabijin. Sunan wasan The Feast of the Wolves, wato walimar kyarketai. Ya fito ne yaƙin Sudan na cika wata bakwai, lokacin da hankalin mutanen jihar Gadarif ke kan 'yan'uwan da ke tururuwa daga Khartum. Duk da haka wasan ya cancanci a zauna a auna shi, musamman a gari irin Doka da ke wannan jiha, domin labarin da aka gina shi a kai labari ne na ɗan gudun hijira da ya sami mafaka a gona.

Asalin labarin

Mai zanen Japan Go Nagai ne ya ƙirƙiri Grendizer, bayan ya yi suna da Mazinger Z a 1972. Kamfanin Toei ya mayar da shi katun, aka nuna shi kashi 74 daga Oktoban 1975 zuwa Fabrairun 1977. A Japan karɓuwarsa ba ta kai ta Mazinger ba, sai da ya fita waje ya zama gagarabadau. Faransawa sun san shi da Goldorak tun 1978, Italiyawa kuma Goldrake. A Labanan aka juya shi zuwa Larabci, Jihad al-Atrash ya ba jarumin murya, marigayi Sami Clark ya rera waƙar buɗewa. Yayin da yaran Najeriya ke jiran katun ɗin Voltron a NTA, takwarorinsu da suka tashi da talabijin na Larabci Grendizer suke jira. Bahaushen Gadarif, wanda kakanninsa suka zo ta hanyar Hajji ko hijirar bayan yaƙin Burmi na 1903, yana Hausa a gida yana Larabci a makaranta da kasuwa, don haka wannan gado ya shafe shi kai tsaye. Har yau farin jinin bai dushe ba: a 2022 an kafa mutum-mutumin Grendizer mai tsayin mita 33.7 a Riyad.

Labarin kansa mai sauƙi ne. Dakarun sarki Vega sun ragargaza duniyar Fleed. Yarimanta, Duke Fleed, ya tsere a cikin Grendizer ya faɗo duniyarmu. Wani masanin kimiyya ya riƙe shi ɗa, ya sa masa suna Daisuke, ya kama aiki a wata gonar kiwo yana ɓoye asalinsa. Ba ya son yaƙi ko kaɗan. Amma Vega suka biyo shi, suka kafa sansani a bayan wata, dole ya sake hawa ƙarfen da ya yi fatan ya rabu da shi.

Inda wasan ya yi ƙarfi

Abu na farko da za a yaba wa Endroad, ƙaramin kamfanin birnin Nantes da ya haɗa wasan, shi ne riƙon amana. Ba su sabunta siffar Grendizer don ta dace da zamani ba. Ƙahonninsa na ruwan ɗorawa, jan allon ƙirjinsa, faifan da yake shiga ya tashi sama, duk suna nan yadda aka san su. Launuka masu haske ne irin na katun. Kiɗan da marigayi Shunsuke Kikuchi ya tsara an sake kaɗa shi, kuma a cikin waɗanda suka yi aikin akwai Marcin Przybyłowicz, wanda aka sani da kiɗan wasan The Witcher 3.

Na biyu shi ne makamai. A talabijin kallo kawai yaro yake yi yana kwaikwayon ihun jarumi. A nan yatsansa ne ke sakin makamin. Ka danna, dunƙulen hannu ya fita yana juyawa kamar majuyi. Ka danna, aradu ta taso daga ƙahonni. Sai kuma shahararren makaminsa, wuƙaƙe biyu masu lanƙwasa da ke fitowa daga kafaɗu su haɗu a kan sanda ɗaya, kai ka ce lauje biyu ne na yankan riɗi aka haɗa ƙota da ƙota. Kowane makami na da amfaninsa, wani na nesa, wani na kusa, wani na karya garkuwar abokin gaba. Arangama da manyan dodannin Vega a ƙarshen mataki, waɗanda 'yan wasa ke kira bos, ita ce mafi daɗin sashen wasan, domin a nan ne ake tilasta maka ka karanci motsin dodon, ka kauce, ka jira ya ba da ƙofa.

Na uku, an yi ƙoƙarin sauya salo. Wani lokaci kana tafe a ƙasa da Grendizer, itatuwa da gidaje a gindin ƙafarka. Wani lokaci kana cikin faifai kana harbi a sama. Wani lokaci kuma ka karɓi ƙaramin jirgin Koji Kabuto, abokin Daisuke, ana kallonsa daga bisa, irin wasannin harbi na da. Sarrafa shi ba wuya. Uba da ya shekara ashirin bai taɓa madannan wasa ba zai iya kamawa cikin ƙanƙanin lokaci.

Inda ya gaza

Babban rauninsa ya samo asali ne daga abin da ya ƙarfafa katun ɗin. Shirye-shiryen Toei na wancan zamani ana yin su ne da kuɗi kaɗan da lokaci kaɗan, don haka ana maimaita zane ɗaya a kowane kashi: jarumi ya ruga, ya faɗa kujerarsa, ƙofa ta buɗe, faifai ya fito. Sabon dodo ya zo, a fafata, a gama da shi. Yaron da ya jira mako guda don minti ashirin da 'yan kai ba ya gajiya da wannan. Maimaicin ma shi ne daɗin. Amma wasan bidiyo ana zama ne a yi awa biyu ko uku a jere. Abin da ke faranta rai sau ɗaya a mako yana gundura idan ya zo sau goma a dare guda. Masu haɗa wasan sun kwafo tsarin ba tare da lura da wannan bambanci ba. Je ka can ka kashe rukunin sojoji, tsare wannan wuri, tattaro kayan ƙara ƙarfi, sannan a sake. Ƙananan abokan gaba nau'insu kaɗan ne, filayen kuma suna da faɗi amma babu abin gani ko na yi sosai a cikinsu.

Akwai kuma matsalar da ke damun duk wasan ƙaton mutum-mutumi. Grendizer tsayinsa mita 30 ne, nauyinsa tan 280. In aka sa shi ya yi motsi da nauyin da ya dace da girmansa, mai wasa zai ji kamar madannan ba sa amsawa. In aka sa shi ya yi sauri, girman ya ɓace, ya koma kamar mutum sanye da sulke. Maganin da gwanaye ke yi shi ne su bar sauri, su nuna nauyi ta abin da ke kewaye: ƙasa ta girgiza, ƙura ta tashi, gini ya rufta, sauti ya daki ƙirji. Wannan aiki ne mai cin kuɗi da ma'aikata. Wata uku kafin Grendizer, kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar da Armored Core VI, wanda ya nuna yadda ake haɗa sauri da nauyi. Idan aka jera su, ƙarancin jarin Grendizer ba ya ɓoyuwa. Ga hoto da kan yi tsaitsaye idan fage ya cika, ga hirarraki da yawa da ake yi da hotuna marasa motsi. Wasan gajere ne, ana iya gama shi a zama biyu ko uku, kuma farkon labarin kawai ya ɗauko.

Gazawar da ta fi damuna ita ce ta zuciyar labarin. An buɗe wasan da faɗuwar duniyar Fleed, kuma wannan zaɓi ne mai kyau. Bayan nan sai aka bar baƙin cikin Daisuke a 'yan layukan hira, aka koma duka. Mutanen Doka sun san nauyin irin wannan labari fiye da masu rubuta shi. A kusa da garin ne aka sake buɗe sansanin Um Rakuba a Nuwamban 2020 don masu gudun yaƙin Tigray na Habasha, sannan bayan faɗuwar Wad Madani a Disamban 2023 jihar ta cika da 'yan ƙasa da suka rasa gidajensu. Saurayin da ya bar garinsu ya zo yana ƙwadago a gonar dawa ta wani, ya san abin da ake nufi da a ba ka wurin kwana da sabon suna. Da an ba mai wasa lokaci a gonar, ya yi aiki, ya saba da mutanenta, da kowane hari ya zama abin tsoro na gaske, domin akwai abin da za a rasa.

Wa ya kamata ya saya?

An yi wasan ne don PlayStation, Xbox da kwamfuta, daga baya aka kai shi Switch. Babu shi a wayar hannu, alhali waya ce na'urar wasan mafi yawan matasanmu. Sayensa ta intanet na buƙatar katin banki mai aiki a waje da layi mai ƙarfin sauke babban fayil, ga kuma batun wuta. Ga mafi yawan mutane, hanyar ita ce shagon wasa, inda ake biyan kuɗin lokaci. Mai shago kuma ya sani cewa wasa ne na mutum ɗaya. Ba zai tara jama'a kamar ƙwallon ƙafa ba, kuma wanda ya gama shi ba lallai ya dawo ba.

Ga wanda ya tashi da muryar Jihad al-Atrash a kunnensa, wasan zai ba shi 'yan awoyi masu daɗi, kuma dama ce ta zama da 'ya'yansa ya nuna musu jarumin da ya ƙi yaƙi amma ya tsaya wa waɗanda suka ba shi mafaka. Ya jira a rage farashi. Ga matashin da bai san Grendizer ba kuma gwanintar wasa yake nema, akwai waɗanda suka fi shi nesa ba kusa ba. Shawarata gare shi ita ce ya fara da katun ɗin na Larabci, domin a can ne labarin yake cikakke.