Me Ya Sa Sautinka Yake Tsage Kunne A Maɓallan Sama? Ga Maganin A Sintesaizar FM

Ka zauna ka haɗa sautin fiyano mai daɗi a manhaja, ka taɓa maɓallan tsakiya ka ji lau. Da ka kai hannu can dama sai sautin ya koma kamar ana goga cokali a kwano. Laifin ba na lasifikarka ba ne. Haka fasahar FM take, kuma tun 1983 kamfanin Yamaha ya saka maganin matsalar a cikin fiyanonsa DX7.

John Chowning ne ya gano wannan fasaha a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1967. DX7 tana da injinan sauti guda 6 da ake kira ofareta, da hanyoyi 32 na jona su. Wasu ofaretocin su ne kake ji kai tsaye, mu kira su masu fitarwa. Wasu kuma aikinsu girgiza na farkon, mu kira su masu girgizawa. Idan ka ƙara ƙarfin mai fitarwa, sauti zai ƙara ƙara. Idan ka ƙara na mai girgizawa, sauti zai ƙara kaifi.

Nan matsalar take. Fiyanon gaske mai tsirkiya yana da kauri da ruri a hagu, amma a dama sautinsa siriri ne, kaifinsa kaɗan. Idan ƙarfin mai girgizawa ɗaya ne daga farkon allo har ƙarshe, abin da ya dace da tsakiya zai yi wa sama yawa.

Sashen da ake kira Keyboard Level Scaling shi ke ba kowane ofareta damar canza ƙarfinsa gwargwadon inda yatsanka ya faɗa. Abu uku za ka saita. Na farko mahaɗa, wato maɓallin da ka zaɓa ya raba allon gida biyu, wanda aka rubuta Break Point. Na biyu zurfin canjin a hagu da dama, daga 0 zuwa 99. Na uku siffar canjin, kuma iri huɗu ce: -LIN da -EXP suna ragewa, +LIN da +EXP suna ƙarawa. LIN tana tafiya daidai wa daida daga mahaɗa. EXP kuwa tana farawa a hankali, sai an yi nisa take tsananta.

Gwada wannan. Zaɓi mai girgizawar da ke kawo kaifin, ka sa mahaɗa a C3, wanda a lissafin Yamaha shi ne C na tsakiya. A dama zaɓi -LIN, ka riƙa ƙara zurfi a hankali kana taɓa maɓallan sama har tsagewar ta lafa. Kada ka wuce gona da iri, domin sautin zai koma fito marar armashi. Kunne ne alƙali.

Akwai wata dabara kuma. DX7 ta farko ba ta raba allo gida biyu, amma tsari na 5 yana da ofaretoci bibbiyu har kashi uku. Dusashe mai fitarwa na 1 a dama, na 3 kuma a hagu, sai ka samu bes a hannun hagu da ƙararrawa a dama, suna narkewa cikin juna a tsakiya.

Ba sai ka sayi tsohuwar na'ura ba. Dexed kyauta ce a kwamfuta, KQ Dixie kuma tana kan iPhone da iPad, duka suna karanta sautukan DX7. Buɗe sanannen sautin nan E.PIANO 1, ka leƙa saitin kowane ofareta, ka mayar da zurfin 0 ka saurari abin da ya canza. Daga yau, kafin ka adana sauti, taɓa shi daga maɓallin farko har na ƙarshe.