Bulon da Ya Faɗo Daga Silin

A shekarar 1980 wata mata da kundin shari'ar Ingila ya sani da Misis Smith ta ga wani ɗan madaidaicin bene a birnin Norwich, ta ƙudura niyyar saye. Kuɗinta bai cika ba, sai ta nemi rancen fam 3,500 daga Abbey National, ɗaya daga cikin manyan masu ba da bashin sayen gida a lokacin. Suka ce sai an duba gidan tukuna. Suka karɓi kuɗin dubawa daga hannunta, abin da bai kai fam 40 ba, suka tura kamfanin Eric S Bush. Ma'aikacin kamfanin ya zo ya zagaya, ya rubuta rahoto cewa gidan ya kai fam 16,500, kuma babu wani gyara na dole da yake buƙata. Aka ba ta kwafi. Ta karanta, hankalinta ya kwanta, ta biya, ta tare.

Bayan wata 18 sai buloli suka ɓalle daga sama, suka fasa rufi, suka ratsa silin, suka zubo cikin babban ɗakin kwana. Daga ina suka fito? Me ya riƙe su shekara ɗaya da rabi sannan ya sake su? Kuma yaya aka yi ƙwararre ya shiga gidan nan da idonsa, ya fito ya sa hannu cewa ƙalau yake?

Tambayar farko ita ce mai sauƙin amsa, in mutum ya san ginin tsofaffin gidajen Ingila. An gina su ne lokacin da gawayin kwal ke ɗumama ɗaki, saboda haka kusan kowane ɗaki da murhunsa a jikin bango. Hayaƙin murhun yana bin wata hanya da aka gina da jan bulo, wadda ke tasowa daga ƙasa, ta kumbura cikin ɗaki kamar tudu a jikin bango, ta ratsa hawa na sama, ta shige cikin silin, ta ɓullo ta saman rufi a matsayin bututun hayaƙi. Gini ɗaya ne daga tushe har ƙoli, kowane bulo yana zaune a kan na ƙasa da shi. Bayan mummunan hayaƙin da ya turnuƙe Landan a Disambar 1952 ya hallaka dubban mutane, an kafa dokar tsabtace iska a 1956, sannan a hankali tukunyar ɗumama gida mai amfani da gas ta kori murhun kwal. Murhu ya zama ba shi da aiki, tudun nan kuwa yana cin wuri a ɗakin da dama can ƙarami ne. Sai mutane suka riƙa rushe shi don su sami inda za su jingina gado ko kabad.

Rushewar ba laifi ba ce, muddin an yi ta yadda ya kamata. Ko dai a sauke ginin gaba ɗaya har bututun da ke saman rufi, ko kuwa a gitta ƙarfe mai ƙarfi a cikin silin ya ɗauki nauyin abin da aka bari. Wanda ya cire gindin ya bar kan, ya yi abin da mai zare ginshiƙi daga ƙarƙashin azara ya yi: soro ba zai faɗo ran nan ba, amma ya riga ya kama hanya. A gidan Norwich an cire gindin, an bar bututun a rataye babu abin da ya tallafe shi.

Jinkirin ma ba abin mamaki ba ne. Irin wannan gini yana manne da bangon da ke bayansa, bulo ya saƙu da bulo, don haka yakan iya daɗewa a lanƙaye. Amma kwaɓin da ya haɗa su tsoho ne, iska na kaɗa bututun daga waje, ruwan sama na tsiyaya ta tsagogi, sanyi da zafi na buɗe su suna rufewa. Daga cikin ɗaki kuwa ba a ganin komai sai bango sumul da fenti.

Mai karatu zai ce, to ai sai a kama wanda ya sayar. A nan dokar Ingila ta rufe ƙofa. Ƙa'idarsu tun da daɗewa ita ce mai saye ya buɗe idonsa. Mai sayarwa ba shi da damar yin ƙarya idan an tambaye shi, amma ba dole ba ne ya zauna ya lissafa maka aibin ginin da kansa. Wannan ne ya sa sana'ar duba gida take da muhimmanci a can. A Sikotlan sun sauya salo tun Disambar 2008, mai sayarwa ne ke samar da rahoton gida kafin ya kai shi kasuwa, amma a Ingila har yau nauyin yana wuyan mai saye.

Saura mai dubawa ke nan. Kuma da Misis Smith ta kai ƙara kotu, abin da kamfaninsa ya riƙe ya yi kama da hujjar da ba ta karyewa. Takardar da Misis Smith ta karanta ba rahoton lafiyar gini ba ce. Ƙiyasin daraja ce, wanda aka yi domin masu ba da bashi su tabbata cewa in ta kasa biya, gidan zai mayar musu da kuɗinsu. Irin wannan ziyara ba ta cika wuce rabin awa ba. Bugu da ƙari, a fom ɗin da ta sa wa hannu da kuma a jikin rahoton kansa an rubuta ƙarara cewa babu wanda ya ɗauki alhakin ingancinsa, an kuma shawarce ta da ta nemo nata ƙwararren. Ba ta nemo ba. A takarda dai, magana ta ƙare.

Ya kamata a yi wa masu wannan sana'a adalci, domin iyakar aikinsu ta gaskiya ce, ba wayo ba ne. Mai duba gida baƙo ne a gidan da har yanzu na wani ne. Yana zuwa da tocila, da ɗan tsani, da madubin hangen nesa don kallon rufi daga ƙasa, da wata 'yar na'ura mai tsinke biyu da ake danna wa bango don auna danshi. Ba ya fasa bango, ba ya ɓamɓare kafet ɗin da aka kafe, ba ya ture babban kabad mai cike da kaya, ba ya tone tushe. Wayar lantarki da bututun gas yana kallon abin da ya fito fili ne kawai, gwajinsu aikin wasu ne masu lasisi. In ya ga abin da ya yi kama da asbestos, zai ambata, amma ba zai gutsura ya kai ɗakin gwaji ba. Abin da ya gani ranar nan, a yanayin ranar nan, shi ne rahotonsa. Gidan da aka duba da rani yana iya ɓoye yoyon da sai damina ke tona shi. Da a ce aibin gidan Norwich yana binne ne a cikin bango inda babu wata alama, da babu kotun da za ta kama kowa, kuma da ni ma na ce daidai ne.

Sai dai ba haka abin yake ba, kuma a nan bakin zaren ya fito. Shaida ta nuna cewa mai dubawar ya lura an cire tudun murhu a ɗakunan. Ya gani da idonsa. Duk wanda ya tsaya a titi kuma zai ga bututu a saman rufi. Kai a sama, gindi babu: wanda gini ne sana'arsa, tambaya ɗaya ce za ta faɗo masa a rai, me ke riƙe da wancan? Amsar kuwa ba ta buƙatar guduma ko kurfi. Tana cikin sararin da ke tsakanin silin da rufi, inda ake leƙawa ta 'yar ƙofar silin a haska tocila wajen bango. In akwai ƙarfe a gicce za a gan shi, in babu za a ga bulo a rataye. Kotu ta samu cewa bai bincika wannan ba.

A daidai waɗannan shekaru, a wata shari'a mai suna Roberts da Hampson a 1988, Mai Shari'a Ian Kennedy ya fayyace ƙa'idar da ta zama jagora har yau. Idan aibi ya ɓuya babu alama, wannan kasada ce da mai saye zai haƙura da ita. Amma idan akwai takamaiman dalilin zargi, dole mai dubawa ya bi sawunsa gwargwadon hankali, ko da sawun ya shiga bayan kujera ko ƙarƙashin kafet. A ganina wannan ita ce zuciyar al'amarin. Iyakar aikin tana kare mutum daga abin da ba zai iya gani ba. Ba ta kare shi daga abin da ya gani ya wuce.

Saura rubutun nan na wanke hannu. Shari'ar ta hau har gaban alƙalan majalisar dattawan Birtaniya, waɗanda su ne kotun ƙoli a lokacin, suka yanke hukunci a Afrilun 1989. A lokacin akwai dokar 1977 da ta hana fakewa da irin wannan rubutu sai in ya dace da hankali da adalci. Lod Griffiths ya auna abin ta fuskoki da dama. Shin ƙarfin ɓangarorin biyu ɗaya ne? Ba ɗaya ba ne, ba ta da bakin cewa a goge sharaɗin. Shin za ta iya biyan kuɗin dubawa sau biyu? Masu sayen ƙananan gidaje sun riga sun tatse aljihunsu, kuma kowa a sana'ar ya san yawancinsu da wannan takarda suke dogara. Shin aikin mai wuya ne? A'a. Wa ya fi iya ɗaukar asarar? Mai dubawa yana da inshora, ita kuwa asarar a kanta za ta faɗa. Sharaɗin ya faɗi, diyyar da ta haura fam 4,000 ta tabbata. Alƙalan sun yi togaciya cewa hukuncin na iya bambanta idan ana maganar gida mai tsadar gaske ko ginin masana'anta, inda ake sa ran mai saye ya ɗauki nasa ƙwararren.

Yau ƙungiyar RICS ta masu duba gine-gine, wadda aka kafa a Landan a 1868, ta raba aikin mataki uku a ƙa'idar da ta fara aiki a Maris 2021. Dubi yadda kowanne ke bi da cikin silin, wurin da asirin gidan Norwich ya kwana. A mataki na ɗaya ana leƙawa ne daga bakin ƙofar. A na biyu ana shiga ciki in babu haɗari. A na uku ana shiga, har a ɗaga gefen audugar da ke tare sanyi a ga abin da ke ƙasa, sannan a yi bayanin musabbabin aibi da hanyar gyara. Kowane sashe na gida ana ba shi lamba da launi: 1 kore, 2 ruwan ɗorawa, 3 ja ga abin da ke neman gaggawa. Akwai kuma alama ta huɗu ga wurin da ba a samu dubawa ba. Idon mai saye ja yake nema, in bai gan shi ba sai ya rufe takarda. Ni kuwa da za a bi tawa, da wannan alama ta huɗu za a fara karantawa, a tambayi dalili, a nemi mai gida ya buɗe wurin kafin a biya.

Wata shari'a ta baya-bayan nan ta nuna nauyin wannan alama. A 2011 wasu ma'aurata, iyalan Hart, suka sayi gida a bakin teku a yankin Devon kan fam miliyan 1.2, gidan da ba a daɗe da sake gina yawancinsa ba. Sun ɗauki nasu mai dubawa, ya yi musu rahoto matsakaici. Suna tarewa ruwa ya fara shigo musu. A wurare da dama shimfiɗar da ke hana danshi ratsa bango ba ta ganuwa, kuma kotu ba ta ce ya kamata ya fasa bango ya nemo ta ba. Laifinsa shi ne bai faɗa musu a sarari cewa bai iya ganinta ba, alhali ga alamun aikin ganganci a wasu sassan ginin, kuma bai matsa musu su karɓi takardar shaidar masu zanen ginin da suka kula da aikin ba kafin su biya. Babbar kotu ta ɗora masa fam 389,000 a 2020. Ya ɗaukaka ƙara kan yadda aka lissafa diyyar, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a Janairun 2021.