Bambancin da bai wuce kaurin gashi ba: yadda zurfin zaman ƙwaya ke sauya harbin bindiga

A Amurka da wasu ƙasashen Turai, mafarauta da masu gasar harbi daga nesa kan haɗa harsashinsu da kansu a gida, inda doka ta yarda. Sukan ɗauki kwanson da aka riga aka harba, su gyara shi, su zuba albarushi gwargwado, sannan su danna sabuwar ƙwaya a bakinsa da wata ƙaramar na'ura. A cikin duk matakan nan, wanda ya fi jawo muhawara shi ne na ƙarshe: har ina za a tura ƙwayar cikin kwanso? Ana auna amsar da kashi ɗaya cikin dubu na inci, wato milimita 0.0254. Silin gashin kai ɗaya ya ninka wannan sau biyu zuwa huɗu.

Lambar da ke cikin littafi

Ma'auni na farko shi ne tsawon harsashi gaba ɗaya, daga gindin kwanso zuwa tsinin ƙwaya, wanda masu sana'ar ke kira COAL. Hukumar SAAMI, wadda aka kafa a Amurka a 1926, ita ke fitar da iyakar wannan tsawo, kamar yadda CIP ke yi a Turai. Iyakar .308 Winchester inci 2.810 ce, ta .223 Remington kuma inci 2.260.

Amfanin waɗannan lambobi shi ne harsashi ya shiga gidan harsashin kowace bindiga mai wannan awo, ya kuma wuce cikin bututu ba tare da ya maƙale ba. Lambar ba ta yi wa kowa alkawarin cewa a nan bindigarsa za ta fi saiti ba.

Inda ainihin maganar take

A cikin bututun bindiga akwai tsagogi masu murɗewa da ke sa ƙwaya ta riƙa juyawa a iska. Tsagogin ba sa farawa daga bakin kwanso. Akwai ɗan fili mai santsi da ƙwaya ke tsallakewa kafin ta ci karo da su. Wannan tsalle shi ne abin da masu gasa ke bibiya.

Tsinin ƙwaya ba ya taɓa bututu ko kaɗan. Abin da ke taɓawa shi ne kafaɗarta, wurin da lanƙwasa ta kai cikakken faɗi. Ga shi kuma tsinin kan bambanta daga ƙwaya zuwa ƙwaya ko a cikin kwali ɗaya, musamman masu ɗan rami a baki. Shi ya sa ƙwararru ke ɗaura wani zobe a kan ma'aunin dijital mai haƙora biyu, irin na makanikai, su auna daga gindin kwanso zuwa kafaɗa. Kamfanin Hornady na sayar da wata sanda da ke tura ƙwaya a hankali cikin bututu har ta taɓa tsagogi, don a san tazarar kowace bindiga.

Kowace bindiga da irin tsallen da take so. Kamfanin Berger, mai ƙera dogayen ƙwayoyin VLD, ya shawarci masu amfani da su da su gwada zurfi huɗu masu tazarar inci 0.040 ko kusa da haka a tsakani, su ga wanne ya fi tara harbi wuri ɗaya. Kuma tazarar ba ta dawwama: zafin albarushi na cinye farkon tsagogin sannu a hankali, sai tsallen ya ƙaru, dole a sake awo.

Gaba kura, baya siyaki

Haɗarin yana ɓangarori biyu. Idan aka tura ƙwaya can ciki, filin da albarushi zai ƙone ya ragu, matsi ya tashi. Idan aka bar ta waje har ta cije tsagogi, ba ta samun gudun farko kafin ta fara huda ƙarfe, matsi ya sake tashi. SAAMI ta tsayar da iyakar matsin .308 Winchester a fam 62,000 kan kowane murabba'in inci, kuma wannan wuta tana tashi ne dab da fuskar mai harbi. Roy Weatherby ya yi amfani da wannan ilimi tun a shekarun 1940, inda ya tsawaita filin da ke gaban tsagogi a bindigoginsa domin rage tashin matsi.

Akwai kuma matsalar daji. Mafarauci da ya sa harsashi mai cije tsagogi, ya fasa harbi ya ja kwanso, yana iya barin ƙwayar maƙale a bututu, albarushi ya watse cikin bindiga. Saboda haka mafarauta suka fi barin tsalle mai ɗan yalwa, su bar wa masu gasa cizon tsagi.

Darasin da masana'anta suka ɗauka

Dogayen ƙwayoyi sun fi keta iska, amma a tsofaffin kwansuna sai an nutsar da su ciki kafin su shiga gidan harsashi, su cinye wurin albarushi. Wannan ne ya sa Hornady ta ɓullo da 6.5 Creedmoor a 2007 da kwanso mai tsawon inci 1.920, gajere a kan na .260 Remington mai inci 2.035, domin doguwar ƙwaya ta zauna waje sosai ba tare da harsashin ya wuce inci 2.825 ba.

Ƙa'idar da littattafan kamfanonin ke nanatawa ɗaya ce: duk wanda ya sauya zurfin ƙwaya, ya koma kan mafi ƙarancin awon albarushi ya fara daga nan, domin awon da ya yi lafiya a wani zurfi yana iya fasa kwanso a wani.