Sarrafa Matsin Lantarki a Bakin Kebul Marar Turjiya

1.0 Gabatarwa

Tun a shekarar 1911 Heike Kamerlingh Onnes ya gano a ƙasar Holan cewa zaiba takan daina turje wa lantarki baki ɗaya idan aka sanyaya ta zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri. Sai a 1987 aka sami sinadaran da ke nuna wannan hali a cikin ruwan naitirojin, wanda ke tafasa a digiri 196 ƙasa da sifiri. Wannan ne ya ba da damar ƙera kebul irin wanda ya fara aiki a birnin Essen na Jamus a 2014, mai tsawon kilomita 1 da ƙarfin bolt 10,000. Maƙalar nan za ta dubi bakin irin wannan kebul ne, wato mahaɗarsa da wayoyin yau da kullum, domin can ne rauninsa yake.

2.0 Tushen Matsalar

A tsawon jikin kebul, filin lantarki a daidaice yake tsakanin wayar ciki da rigar ƙarfe ta waje. Amma a baki dole ne a yanke rigar, sai filin ya cunkushe a gefen yankan, tamkar ruwan kogi a maƙura. Idan matsin ya wuce kima, ƙananan tartsatsi sukan tashi, su riƙa cin makarin lantarki a hankali har ya huje.

Maganin da aka saba da shi a kebul na yau da kullum shi ne a sanya wa bakin mazurarin roba mai baje filin. To amma roba takan ƙandare ta tsage a irin wannan sanyi. Saboda haka akan naɗa mazurarin da takarda mai haɗe da leda, wadda ruwan naitirojin ya jiƙa, ko kuma a jera siraran fallayen ƙarfe a cikin makarin, kowane da tsawonsa, domin ƙarfin lantarkin ya sauka hawa-hawa.

3.0 Kumfa

A ganin mai wannan rubutu, babban abokin gaba a nan kumfa ce. Bakin kebul ƙasansa na cikin ruwan naitirojin, samansa kuwa na cikin zafin gari, bambancin da ya haura digiri 200. Sandar jan ƙarfe da ke shigar da lantarki tana shigar da zafi tare da shi. In an kaurara ta zafin waje ya kwararo, in an sirance ta ita kanta ta ɗumama. Ko ta wane hali ruwan na iya tafasa. Filin lantarki kuwa ya fi taruwa a cikin kumfa fiye da cikin ruwan da ke kewaye da ita, alhali iskar da ke cikin kumfar ta fi ruwan rauni nesa ba kusa ba. Ke nan ɗigon kumfa kan ɓata lissafin mazurari komai kyansa. Don haka ake matse ruwan da famfo, a kuma sanyaya shi ƙasa da matakin tafasarsa.

Akwai kuma takurewa. Jan ƙarfe yakan rage tsawo da kusan kashi 0.3 cikin ɗari a wannan sanyi, wato kimanin mita 3 a kilomita guda. Idan ba a bar wa bakin sararin motsi ba, makarin ya rabu da ƙarfen, kuma a cikin wannan giɓin tartsatsi ke somawa.