Injin Da Aka Sauya Wa Hanyar Mai: Abin Da Uwargida Za Ta Duba

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, magidanta da dama suka mayar da janareta da injin ban ruwa kan tukunyar gas. Daga Karfi zuwa Malumfashi da Funtuwa, bakanike zai sauya kafireta, ya ja tiyo, ya ɗaura ragileta, inji ya tashi. Ana samun sauƙin kuɗi, sai dai duk injin da aka taɓa hanyar mansa, ya bar tsarin da kamfani ya gwada, kuma a nan haɗarin yake ɓuya.

Masu ƙananan jiragen sama sun ɗanɗana wannan. A ranar 12 ga Oktoba 1997, mawaƙin Amurka John Denver ya faɗa teku a Kalifoniya cikin wani ƙaramin jirgi samfurin Long-EZ da wani ya haɗa da hannunsa. A zanen asali, makullin sauya tankin mai yana gaban matuƙi, tsakanin ƙafafunsa. Wanda ya haɗa jirgin sai ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu. Denver ya tashi da mai kaɗan, kuma masu bincike sun gano cewa garin juyawa ya kamo makullin ne jirgin ya ƙwace masa, ya rasa ransa.

Mu ma muna da masu irin wannan basira. A 2007, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa helikwafta da injin mota ƙirar Honda Civic. Yaranmu masu kwance inji su ɗaura ba abin hanawa ba ne. Amma idan wuta ta tashi a tsakar gida, yawanci uwa da ƙananan yara ne a kusa, don haka ki bi hanyar man da idonki.

Fara da makulli. Ina ake kashe gas ko fetur? Idan sai kin tsallake injin ko kin miƙa hannu ta kan salansa mai zafi kafin ki kai gare shi, a sauya masa wuri yau. Ki nuna wa duk babban da ke gidan yadda ake rufe shi, ko da a cikin duhu.

Sai tiyo. Na ban ruwa ba na gas ba ne, fetur kuma yana cinye robar da ba tasa ba. A sa tiyon da aka yi don aikin, a matse bakinsa da ƙarfen ɗauri, ba da tsinken tayar babur ba. Ki kaɗa ruwan sabulu ki shafa a mahaɗai: idan kumfa ta riƙa tasowa, yana yoyo. Kada a gwada da ashana.

Tukunyar gas ta tsaya a tsaye, a inuwa, nesa da salansa da murhu. Gas ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa-ƙasa, daidai inda yaro ke rarrafe ko barci. Fetur kuwa, kada a zuba shi sai inji ya mutu ya huce. Janareta a waje yake kwana, nesa da taga, domin gubar hayaƙinsa ba ta da wari.

Idan tsautsayi ya faɗa, a matsayina na ma'aikaciyar jinya ina roƙonki: zuba ruwa mai tsabta, ba na ƙanƙara ba, a kan ƙunar har minti 20. Ban da ƙwai, man goge baki, manja ko toka, suna jawo ruɓewa. Cire zobe da awarwaro kafin kumburi, ki rufe da ƙyalle mai tsabta. Ƙuna a fuska, hannu ko al'aura, ko wadda ta fi tafin hannun yaron faɗi, a wuce babban asibitin Malumfashi ko na Funtuwa kai tsaye.

Kafin noman rani ya kankama, ki ce wa maigida ku duba injin tare. Allah Ya tsare mana iyalanmu.